Aron Suna na Shekara Ɗaya

Lawrence, Massachusetts
9 ga Fabrairu, 2004

Zuwa ga Baffa Fulgencio Sarante,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Na san ba za ka gane ni ba. Ni ce Yudelka, autar Nicanor, ɗan wan mahaifinka. Sau ɗaya na taɓa zuwa batey ɗinku, ƙauyen nan na masu yankan rake, ina da shekara shida. Abin da nake tunawa kawai warin ƙonannen rake, da wani mutum da ya ɗaga ni ya ɗora a kan jaki. Marigayiya Mama ta ce kai ne.

Baba ba shi da lafiya. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi a watan Nuwamba. Yana kwance a gidana, ni nake jinyarsa, magana ta ɗauke masa.

Baffa, alfarma nake nema. Kwamitin Zauren Gwanaye na lardinmu zai kaɗa ƙuri'a a ƙarshen shekara kan ko za a kafa allon sunan Baba a ciki. Ka fi ni sanin aikinsa: shekara goma sha huɗu yana jifa a manyan ƙungiyoyin besbol na Amirka, wasan nan na jifan ƙwallo da bugu da sanda, ya ci wasa ɗari da tamanin da bakwai. Sau biyu suna tsallake shi. Wasu su ce bai cika ɗari biyu ba, wasu su ce yana saita kan masu sanda da gangan. Yanzu kuma wani ɗan jarida ya rubuta wai ba sunansa Nicanor ba, wai da takardar haihuwar wani ya shiga wasa, wai sunansa na gaskiya Fulgencio. Kwamitin ya ce in Fulgencio na gidan yana raye, ya zo da katinsa ya rantse cewa shi ne, magana ta ƙare.

Abin dariya ne, na sani. Amma ina so a yi wannan yana da rai. Tafiyar awa ɗaya ce daga wurinka zuwa San Pedro, inda kwamitin yake zama.

Taka,
Yudelka

Batey La Ceibita
14 ga Maris, 2004

Yudelka,

Takardarki ta zo. Kwana huɗu na yi ina karanta ta, don ban yi makaranta ba, marigayiya matata Onelia ce ta koya mini baƙaƙe bayan na haura arba'in, ga kuma rubutunki ƙanana kamar jerin tururuwa. Lafiyata lau, in ban da gwiwa da idon hagu. Ina gaida mai jiki. Ban ce ina masa fatan wani abu ba, na dai ce ina gaishe shi.

Ba jaki ba ne, keken shanu ne na ɗaukar rake, kuma kin tsala ihu har saniyar ta tsorata.

Yanzu ki nemi wuri ki zauna. Ɗan jaridar nan ba ƙarya ya yi ba. Ni ne Nicanor Sarante. Ubanki shi ne Fulgencio.

A 1957 akwai fili bayan kamfanin sukari, nan muke wasa da ƙwallon da muka naɗe da tsumma da roba. Shi yake jifa, ni nake durƙusawa in cafe. Babu wanda yake iya cafe jifansa sai ni, sauran sun gwada sun koma gida suna hura hannu. Yatsuna uku na hagu har yau ba sa miƙewa, aikinsa ne. Wata rana wani Ba'amirke mai malfa ya zo neman yara, ya tsaya ya ga jifa uku kacal, ya tambayi shekarun mai jifan. Ba sa ɗaukar wanda ya wuce sha takwas, kowa ya sani. Ubanki yana da ashirin da ɗaya. Ni ina da sha bakwai.

Da la'asar iyayenmu maza suka zauna gindin mangwaro. Ba a tambaye ni ba. Babana ya buɗe gwangwanin biskit ɗin da ake ajiye takardu, ya zaro tawa ya miƙa wa wansa, ya karɓi ta Fulgencio ya saka a wurin. Ya ce mini, "Aron shekara ɗaya ne, Nicanor. In ya kafu za a gyara." Ni da ban iya karatu ba, takardun biyu duk ɗaya na gan su, fari da baƙi da hatimi.

Da shekara ta zagayo, mai malfar nan ya dawo, wannan karon mai cafewa yake nema. Kwana biyu yana kallona. Rana ta uku ya ce in kawo takardata. Na kawo wadda ke cikin gwangwani. Ya duba, ya ƙirga a yatsunsa, ya ce ashirin da biyu, ya dafa kafaɗata ya shiga motarsa. Ba zan ce miki da na zama wani abu ba. Ban sani ba. Abin da ke ci mini rai ke nan, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Na koma yankan rake, shekara talatin da tara. Da sunan Fulgencio aka ɗauke ni aiki, da shi aka ɗaura mini aure a coci. A kan kabarin Onelia an rubuta "matar Fulgencio", sai ka ce ubanki ta aura. Allah bai ba mu haihuwa ba. Waɗanda suka san zancen an hana su faɗa, har bakinsu ya saba, har suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Uwata ce kaɗai ta ƙi, a cikin ɗaki takan ce "Nicanor, zo ka ci abinci" ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Ta rasu a 1969. Bai zo ba, wai ana tsakiyar kakar wasa.

Zuwan da kike tunawa, 1971 ne. Ya shigo da doguwar mota, duk batey ta fito. Ya rungume ni a gaban kowa ya ce, "Fulgencio, ɗan'uwana!" Ko ƙifta ido bai yi ba. Na jira ya ja ni gefe ya ce wani abu. Ya ci shinkafa da wake, ya raba huluna, ya tafi kafin rana ta faɗi. Ban sake ganinsa ba sai a talabijin ɗin shago.

Yanzu kuma ki ce in ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki in rantse ni ba ni ba ne. Shekara arba'in da bakwai na yi shiru, amma ban taɓa rantsewa ba. Ba zan je ba. Ko mota kuka aiko.

Wanda kike kira Fulgencio

Lawrence
11 ga Afrilu, 2004

Baffa,

Ina gaisuwa. Baba yana nan yadda yake, sai dai ya ɗan fara haɗiyar abinci da kansa.

Na karanta takardarka a tsaye a kicin, na ajiye, sai bayan mako na iya sake ɗauka. Ba zan ɓoye maka ba, ban yarda ba. Shekara talatin da tara ina 'yar Nicanor Sarante. Sunan yana kan takardar haihuwata, yana kan rigar da aka rataye a falo, yara a unguwar nan suna tsayar da ni su ce da gaske babanki ne. Na san kana da abin da kake riƙe da shi a zuciya. Bai kyauta ba da ya yi shekaru bai leƙo ku ba, wannan ni ma zan faɗa. Amma wannan maganar ta yi girma.

Bari in gaya maka abin da nake gani kullum. Ciwon nan ya kwashe masa kalmomi duka. Ba ya iya cewa ruwa. Ba ya iya faɗin sunana, ni da nake juya shi nake masa wanka. Kalma ɗaya ta rage masa: Nicanor. Likita ya tambaye shi "Yaya sunanka?" ya ce Nicanor, ma'aikatan jinya har tafi suka yi. Da safe ya faɗa, da rana ya faɗa, wani lokaci sau goma a jere. Mutum ya rasa komai, ya riƙe sunansa kaɗai. In na aro ne, Baffa, shi zai rage masa?

In ba za ka je ba, ka ce ba za ka je ba. Amma kada ka ƙwace masa abu ɗaya da ciwo ya bar masa.

Yudelka

Batey La Ceibita
6 ga Mayu, 2004

Yudelka,

Na gode da gaisuwa. An fara ruwa, rufin yana yoyo ta kusurwar da Onelia take ajiye keken ɗinki.

Wato ni ne mai ƙwace. Madalla. Ke kin yi makaranta, ni ban yi ba, to bari jahili ya gaya miki abin da ya gane. Don me ba zai riƙe ba? Da wannan sunan ya hau jirgi, da shi dubban mutane suka miƙe suna masa ihu, da shi ya auri uwarki. Ni ma da sunana ya yi mini irin wannan aikin, ai da bakina ba zai gaji da shi ba. Yana kwance ba ya iya neman ruwa, amma bai saki abin mutane ba. Haka yake tun muna yara, in ya riƙe ƙwallo sai an ɓanɓare yatsunsa.

A yi masa tafi. Ya saba.

Ba na neman ki yarda da ni. Ba ni da shaida, duk suna maƙabarta. Amma in kina da ƙarfin hali, wata rana ki tsaya a bayansa inda ba ya ganinki ki ce "Fencho". Haka uwarsa take kiransa in zai ɗebo ruwa. Ki ga abin da wuyansa zai yi.

Kada ki sake rubuto mini zancen kwamiti.

Ni ne dai

Batey La Ceibita
18 ga Yuli, 2004

Yudelka,

Ina gaisuwa, ina gaida mai jiki. Wata biyu ke nan ban ji daga gare ki ba. Ba wai ina jira ba ne. Mai kawo wasiƙu yakan wuce ta ƙofata duk Alhamis, ni kuma dama a nan nake zama, shi ya sa na lura.

Wani abu ya faru, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Akwai shagon Tiburcio a bakin titi, nan muke buga domino da yamma, mu huɗu, shekara da shekaru. A cikinmu akwai Amable, tsohon malamin firamare, mai karanta jarida da ƙarfi ko ba a tambaye shi ba. Ran nan ya buɗe shafin wasanni ya ce, "Ga mutumin gidanku kuma, Fulgencio. Ni dai da ina kwamitin ba zan ba shi ƙuri'a ba."

Na ce, "Buga, Malam, kai ake jira."

Ya ce, "Ɗari da tamanin da bakwai ba ɗari biyu ba ne. Lissafi ba ya jin tausayi."

Tiburcio ya ce, "Kai kuma guda nawa ka ci, Malam? Kai da ko lemo aka jefo maka sai ka kare tabarau?"

Aka yi dariya. Amable bai daina ba. Ya ce ga jifan kai, ga kuma ƙaryar shekaru, zauren gwanaye ba wurin maƙaryata ba ne, yara suna kallo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa ɗari da tamanin da bakwai ɗin nan ya ci su ne a ƙungiyar da masu sandarta ba su iya bugun ko kwakwa ba, sau nawa ya hana abokan gaba komai har zagaye na tara aka ƙi ci masa ko ɗaya? Na ce jifan kai kuma, a shekarun nan baƙin mutum daga cikin rake ya tsaya a tsakiyar filinsu, in bai nuna musu haƙori ba sai su taka shi. Na ce kai ka taɓa ganin jifansa mai faɗuwa? Ƙwallo tana tahowa daidai ƙirjinka, ka kai sanda, ta nutse kamar an ja ta da zare. Ni na cafe ta fiye da sau dubu, kuma har yau ban san yadda yake yi ba. Na ce shekarar da ya fitar da mutum goma sha biyar a wasa ɗaya, kuna cewa abin mamaki ga ɗan shekara talatin da huɗu, to ku sani...

A nan na kama bakina. Talatin da takwas zan ce.

Tiburcio ya ce, "To mu san me? Kai Fulgencio, ba kai ne in an sako shi a talabijin kake juya kujera ba? Yau kuma ka zama lauyansa?"

Amable ya ce, "Jini ne ya motsa, ku ƙyale shi."

Na kifar da teburin na tafi gida. Mako uku ke nan ban koma ba. Tiburcio ya aiko a ce in zo, Amable bai aiko ba, to zan gani. Da yamma ina jin ƙarar domino daga nan in iska ta juyo. Gidan shiru, sai kajin maƙwabta.

Kada ki ɗauka na sauya. Ya isa shiga zauren, wannan daban. Abin da ya yi mini kuma daban. Ban rubuto don ki amsa ba.

Baffan naki, in kina so

Lawrence
8 ga Agusta, 2004

Baffa Nicanor,

Ina gaishe ka, ina neman gafararka. Takardunka biyu duk sun zo. Kunya ce ta hana ni rubutu, da tsoro.

Wata uku na yi ban iya ba. Ranar Talata ina naɗe zanen gado a bayansa, yana kallon taga, na ce "Fencho". Baffa, ya juyo. Mutumin da sai na tallafe kansa yake juyawa. Ya dube ni, ya dubi bayana kamar yana neman wadda ta yi kiran, sai hawaye. Na zauna a ƙasa.

Daga ranar na fara lura. Ba ya faɗin Nicanor yana nuna kansa. Ƙofa yake kallo. In an ƙwanƙwasa ya faɗa, in mai shigowar ya shigo ya gan shi sai ya rufe ido. Ko ranar da likita ya tambaye shi, yanzu na tuna, ba likitan yake kallo ba. Wata tara muna masa tafi wai ya tuna sunansa, ashe kira yake yi. Jiya na riƙe hannunsa mai lafiya na ce, "Baba, wanda ke La Ceibita kake kira?" Ya matse ni har zobena ya shige mini yatsa.

Zancen kwamiti na janye shi. In ka je, ka faɗa musu gaskiya, in ba ka je ba, shi ke nan. Sunanka ne. Allo ba komai ba ne.

Abu ɗaya nake roƙo. Ga lambar wayar gidana a ƙasa, na rubuta da manyan baƙaƙe. Ka je shagon Tiburcio ko inda duk akwai waya, ka kira ranar Lahadi da rana. Zan kara masa a kunne. Ba sai ka ce ka yafe ba. Ko zaginsa za ka yi, ya dai ji an amsa. Likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni. In ba ka kira ba, na gane, ba zan matsa maka ba.

A bayan ambulan na rubuta sunanka na gaskiya. Ya kamata wani ya fara.

'Yarka,
Yudelka

Lawrence
20 ga Satumba, 2004

Baffa Nicanor,

Baba ya rasu ranar Lahadi, sha biyu ga wata, da hantsi. Bai wahala ba. Mun binne shi nan kusa da Mama.

Lahadi huɗu na ajiye wayar a kan gadonsa. Na gaya masa za ka kira, wataƙila kuskurena ke nan, da ban gaya masa ba. Ba na ganin laifinka. Shekara arba'in da bakwai ba sa goguwa da takarda ɗaya, kuma ni ce na ce maka maƙaryaci. Ina dai so ka ji daga bakin ɗan gida, ba daga rediyo ba.

Allah ya ba ka lafiya.

Yudelka

Batey La Ceibita
28 ga Nuwamba, 2004

'Yata Yudelka,

Ina miki gaisuwar rashi. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri. Lafiyata ba laifi. Wannan takardar kwana shida na yi a kanta, ki yi haƙuri da inda fensir ya huda.

Daga rediyo na ji. Ranar Litinin da safe ina shan kofi, mai labarai ya ce Nicanor Sarante ya rasu, ya karanto ranar haihuwarsa, sha ɗaya ga Yuni 1940. Tawa ce. Na zauna da kofi a hannu ina jin an kashe ni. Mutane suka yi ta shigowa suna cewa "Sannu da rashi, Fulgencio", har da Amable, ya zo da hularsa a hannu. Ni kuma ina ta zaginki a zuciya, na ce ko layi ɗaya ba ta iya rubuto mini ba.

Ki ji inda takardunki suka shiga. A gidan waya na garin da ake rarraba mana wasiƙu akwai wata mata, Casilda, ta fi shekara ashirin a wurin. Ashe tun da daɗewa Amirkawa masu tara hotunan 'yan wasa suna rubuto wa Nicanor Sarante a garin haihuwarsa, suna neman ya sa musu hannu. Ita kuma ta san Nicanor Sarante ba ya nan, sai ta ajiye kwali a ƙarƙashin tebur, duk wadda ta zo da sunan ta jefa ciki, wai in ya zo hutu ta ba shi. Takarda daga Amirka, da sunan Nicanor a baya, ina za ta sa? Ba ta yi laifi ba. Duk lardin nan ka tambayi kowa, haka zai yi.

A ƙarshen Oktoba tana shara ta ce tunda mai su ya mutu a kai wa danginsa. Ɗan acaɓa ya sauke mini kwalin a ƙofa. Na ajiye kusa da murhu don kunna wuta. Na ƙona sun kai goma kafin in ga jerin tururuwan nan naki.

Na karanta ta Agusta. Ba zan gaya miki abin da na yi bayan nan ba. Na dai koma na ƙirga Lahadin nan huɗu. Duk ina zaune a ƙofa, ina fushi da Amable, ina fushi da ke. Daga kujerata zuwa wayar Tiburcio taku ɗari biyu da goma ne da wannan gwiwar. Na auna.

Kin ce kira yake yi, ni na ce riƙo ne. Ke wata tara kika yi ba ki gane ba, kuma ba ki da laifi, ba ki sani ba. Ni na sani. Ni kaɗai a duniya nake da abin da zan gane da shi, kika rubuto mini ƙarara a Afrilu, na karanta kwana uku, na ce a yi masa tafi.

Ranar sha tara ga wata na sa farar rigar da na yi bikin aure da ita na hau mota zuwa San Pedro. Mutum tara na kwamitin a dogon tebur, fanka tana juyawa, ɗan jaridar yana gefe da littafinsa. Yaro ne mai ladabi, har kujera ya jawo mini. Shugaban ya ce, "Sunanka, Baba?" Na ajiye masa katina, ya karanta da kansa. Ya turo Littafin ya ce in ɗora hannu in miƙe yatsuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da kuke gardama a kansa ne ya lanƙwasa su tun kana cikin zani. Haka za ka karɓe su." Wasu suka yi dariya.

Ya ce, "Ka rantse kai ne Fulgencio Sarante, marigayin kuma Nicanor?"

Kin ce in faɗi gaskiya. Da niyyar haka na fito daga gida, har na shirya maganar a mota. Sai na dubi fuskokin nan goma. Na ce to in na faɗa, sai me? Su cire shi, su buga a jarida, Tiburcio da Amable su yi mako suna gwada sabon suna suna dariya, su koma wa wanda bakinsu ya saba. Ba takarda nake so ba, ashe. So nake wanda ya san nawa ne ya kira ni da shi. Mutum ɗaya ya rage, ya yi wata goma yana kira, ban amsa ba.

Na rantse.

Ɗan jaridar ya biyo ni har bakin ƙofa ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah?" Na ce tsakanina da Allah ba a jarida ake bugawa ba. Fada na cocinmu zai ji nasa ranar furta zunubi, in ya ga dama ya sa ni durƙuso har Kirsimeti.

Da aka kaɗa ƙuri'a, shida suka ba shi, uku suka hana. Amable ya ce da yana ciki da huɗu ne, amma ya saya mini kofi. Na koma domino, ba kullum ba.

Kada ki gode mini. Ban yafe masa uwata ba, ban yafe masa doguwar motar nan ba. Kuma kada ki je ki gyara komai, na hana ki. Abin da na ba shi wannan karon ni na bayar da hannuna, ba a gindin mangwaro aka yanke ba.

Za a kafa allon a Janairu, ranar ashirin da uku. Sun ce dangi su zo. In za ki zo, akwai gadon Onelia, na gyara rufin kusurwar. In aiki bai bar ki ba, ki rubuto. Amma ki saurare ni da kyau. A bayan ambulan ki rubuta Fulgencio, shi ne mai zuwa. A ciki ki rubuta wanda kika ga dama.

Baffanki